Tafhiɗi: Yadda Za Ka Gane Kalmar, Ka Fassara Ta Daidai, Ka Kuma Kauce wa Abin da Take Nufi

Titi ne mai faɗi, layi uku ko huɗu, kwalta sabuwa fil, babu gida ko ɗaya a gefensa. Samari sun jeru a bakin hanya cikin fararen jallabiyoyi, kowa ya ɗaga waya. Sai ga farar Camry ta ɓullo daga nesa a guje. Kafin ka ƙifta ido ta karkace, tana tafiya da gefe kamar ƙaguwa, tayoyi na kuka, hayaƙi na tashi, wani yaro ya fito da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa hannu. Duk mai duba TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo daga Saudiyya, kuma a ƙarƙashinsa kusan kullum akwai kalma ɗaya da haruffan Larabci: تفحيط.

An shirya wannan bayani ne domin mutum uku: ɗan jarida ko mai fassara da labari ya zo masa da kalmar, Bahaushen da ke zaune a Makka, Madina, Jidda ko Riyad yana jin ta a bakin maƙwabta, da direban da wata rana zai iya tarar da abin a gabansa cikin dare. Ba za a koyar da yadda ake yin sa a nan ba. Abin da za a koyar shi ne yadda ake gane shi, da yadda ake kiran sa da sunan da ya dace.

Fara da furuci da rubutu

Baƙaƙen asalin kalmar uku ne: fa, ha mai fitowa daga maƙogwaro, da ɗa mai hannu. Wannan harafi na ƙarshe shi ne wanda Hausa ta saba mayarwa ɗ, kamar a ɗahara, ɗalibi da ɗawafi. Saboda haka rubutun da ya dace da bakinmu shi ne tafhiɗ, in kuma aka sa masa wasalin ƙarshe yadda Hausa ke yi wa kalmomin aro, ya zama tafhiɗi. Awonsa ɗaya da tafsiri da tajwidi, kuma wannan zai taimaka maka wajen riƙe sauran dangin kalmar. Yadda mai yin tafsiri yake mufassir, haka mai yin tafhiɗi yake mufahhiɗ, jam'insa a bakin mutanen can mufahhiɗin. Aikatau kuwa fahhaɗa ne, ko fahhaɗ a maganar yau da kullum.

Kuskuren farko da ake yi shi ne kwafo rubutun jaridun Turanci, a rubuta ta da "ee" a tsakiya da "t" a ƙarshe. Bahaushe zai karanta ta wani iri, Balarabe kuma ba zai gane abin da ka faɗa ba.

Ma'anar kalmar tana komawa ne ga ƙarar da taya ke yi in ta gurji kwalta. A karin harshen Saudiyya aikataun yana da wata ma'ana ta biyu da ya kamata ka sani: in aka ce wane ya fahhaɗ, ana iya nufin ya arce ne kawai, ya cika wandonsa da iska, ko da babu mota a zancen. Duba abin da ke kewaye da kalmar kafin ka yanke hukunci. Yaron da aka ce ya fahhaɗ daga makaranta ba lallai ne ya taɓa sitiyari ba.

Abin da ke mayar da tuƙi tafhiɗi

Ba kowane gudu ne tafhiɗi ba. Kafin ka yi amfani da kalmar, nemi alamu huɗu tare. Da gangan ake sa motar ta zame ko ta juya, ba ƙwacewa ta yi ba. A kan hanyar jama'a ake yi, ba a filin da aka killace ba. Don burgewa ake yi, ko dai a gaban 'yan kallo ko a gaban kyamarar waya. Sannan motar ta gida ce, irin wadda uba ke kai 'ya'yansa makaranta a ciki: Camry, Accord, Sonata, Optima, wani lokacin Hilux ko tsohuwar Datsun a-kori-kura. Da yawansu injin yana jan tayoyin gaba ne, kuma ba a ƙara musu ƙarfen kariya ko kujerar tsere ba. Gudun da ake kaiwa kafin a karkatar da su yakan kama daga kilomita 160 a awa zuwa sama da 200.

Wannan shi ya raba shi da wasan zamiyar mota na gasa da ya shahara daga Japan, wanda Larabawa ma ke kira dirift. A can injin motar yana tura tayoyin baya, an gyara ta don wannan aiki, direba na sanye da hular kwano, akwai shinge tsakaninsa da 'yan kallo, akwai alƙalai, akwai motar asibiti a tsaye. Haka kuma tafhiɗi ba tsere ba ne, domin babu layin da ake rige-rigen kaiwa. Ba taɗ'is ba ne, wato hawa tudun yashi da mota a sahara, wanda wani fanni ne daban da masu yinsa.

Dokar zirga-zirgar Saudiyya ta faɗaɗa kalmar fiye da yadda samari ke amfani da ita. A wurin hukuma, karkata mota ta yi tafiya a kan tayoyi biyu na gefe ɗaya, ɗaga babur a kan taya ɗaya, da fitowar direba ko fasinja daga mota tana cikin tafiya don nuna bajinta, duk suna shiga ƙarƙashin hukuncin tafhiɗi. In labarin da kake fassarawa daga 'yan sanda ko kotu ya fito, wannan faffaɗar ma'anar ake nufi.

Akwai tagwaiyar kalma da za ka riƙa gani tare da ita: hajwala, mai yin ta muhajwil. Asalinta gararamba ce, yawo babu alƙibla, da ɗan ƙanshin hargitsi a ciki. Samarin da ke cikin harkar sun fi son ta, domin tafhiɗi kalma ce da ta riga ta zama ta 'yan sanda, limamai da jaridu. Ita ce kuma ta zama sunan wasannin waya da yara ke saukewa a ƙasashen Larabawa da ma wajensu. Ka'ida mai sauƙi: in wanda ke magana yana zargi ne, za ka fi jin tafhiɗi, in yana alfahari ne, za ka fi jin hajwala.

San inda abin ya tsiro

Ba za ka fassara kalmar da kyau ba in ba ka san garin da ya haife ta ba. A 1968 aka ɗora wa kamfanin wani masanin tsara birane ɗan Girka, Constantinos Doxiadis, aikin zana sabon tsarin Riyad, aka kammala a farkon shekarun 1970. Ya yanka birnin gida-gida kamar daran dara, kowane babban yanki kilomita 2 a tsaye, 2 a kwance, manyan tituna miƙaƙƙu sun ratsa tsakani. Sai farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗi suka shigo, birni ya bazu cikin hamada. Masu harkar filaye sukan shimfiɗa kwalta su kafa fitilu a sababbin unguwanni tun kafin a aza tubali ɗaya. Ga titi fetal babu kowa, ga fetur da arha, ga dubban samari da iyayensu suka taso daga ƙauye zuwa birni. A ƙarshen shekarun 1970 tafhiɗi ya riga ya zama abin da aka san shi da suna.

Wani masani ɗan Faransa, Pascal Menoret, ya zauna da irin waɗannan samari a Riyad ya rubuta littafi a kansu mai suna Joyriding in Riyadh, wanda ya fito a 2014. Kalmar da ya ba muhimmanci daga bakinsu ita ce ɗafash, wani irin gundura mai haɗe da takaici, ta wanda yake ganin arziki kewaye da shi amma ƙofofi a rufe suke gare shi. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne abin da zaman kashe wando ke haifarwa a zuciyar saurayi mai jini a jika. A tuna kuma gidajen silima a ƙasar sun kasance a rufe tun daga farkon shekarun 1980 har 2018. Sanin wannan ba wanke masu yi ba ne. Yana dai hana marubuci ya ɗauka cewa duk 'ya'yan masu kuɗi ne ke ɓarnar dukiyar iyayensu, alhali da yawa daga cikin motocin na haya ne ko na sata, direbobin kuma 'ya'yan unguwannin bayan gari.

Daga waje an ɗauki hoton abin an yi ado da shi. Bidiyon waƙar Bad Girls ta mawaƙiya M.I.A., wanda ya fito a 2012, ya nuna irin wannan tuƙi, amma a Warzazat ta Maroko aka ɗauke shi, kuma mata ne a kan sitiyari a lokacin da ba a yarda mace ta yi tuƙi a Saudiyya ba, haramcin da aka ɗage a watan Yunin 2018. Kar ka sa hoton wannan bidiyo a kan labarin Riyad.

Kalmomin cikin fili

Mufahhiɗ ba ya fita shi kaɗai. Na kusa da shi a kujerar gaba ana ce masa mu'azziz, mai ƙarfafa masa gwiwa, shi ke kula da kiɗa da waya da duba hanya. 'Yan kallo su ne jumhur, kuma su ne ginshiƙin abin, domin babu wanda zai kashe taya huɗu a daren da babu mai gani. Direbobi suna da laƙabi da aka san su da shi, ba sa amfani da sunan yanka, wani lokacin a rufe fuska da rawani, a cire lambar mota ko a lulluɓe ta.

Salon ma kowanne da sunansa. Naɗla ita ce zamewa da gefe, maimaita ta hagu da dama kuma tanɗil. Uƙda, wadda mutanen Najadu, yankin da Riyad take, ke furtawa ugda, ma'anarta ƙulli, wato mota ta juya ta zagaye kanta. Istifham alamar tambaya ce, saboda siffar da sawun tayoyi ke bari a kan kwalta. Tarfi'i shi ne ɗaga mota a kan tayoyi biyu. Tafjir shi ne a yi ta murza taya har ta fashe, kuma a nan mai fassara yake yawan faɗawa rami, domin a labarun yau da kullum tafjir fashewar bam ce. Haka taɗwif: tushensa ɗaya da ɗawafi, amma a nan wuce wata mota ko tirela ake nufi ana cikin zamewa. Akwai kuma wanda sunansa ya isa bayani, harakatul maut, motsin mutuwa.

Za ka kuma ji darbawi, daga darb, wato hanya. Laƙabi ne na wani rukunin samari masu tsofaffin a-kori-kura da shiga birkice. Akwai raini a cikin kalmar, don haka kar ka jefi mutum da ita a fuska, kar kuma ka sa ta a rubutu a matsayin sunan duk mai tafhiɗi.

Yadda za ka mayar da ita Hausa

A nan aikin yake. Hausa tana da kalmomin hawa da gudu masu yawa, yawancinsu daga doki muka gada, kuma kowacce tana ɗauke da hukuncinta a ciki. Wadda ka zaɓa ita za ta gaya wa mai karatu ko ya yi sha'awa ko ya yi tir.

Kilisa ita ce ta farko da ke zuwa bakin mutum, musamman in labarin ta Turanci ya biyo, inda ake amfani da kalmar joyriding, wadda ke nufin hawan jin daɗi. Guje ta. Kilisa fita ce da doki da yamma don ya motsa jini, mahayi ya sha iska, a gaisa da mutanen hanya. Akwai natsuwa da mutunci a cikinta. Wanda ya karanta cewa matasa sun yi kilisa da mota ba zai kawo gawa a ransa ba.

Sukuwa ta kama gudun amma ta bar karkacewar, kuma tana jawo tunanin gasa. Tseren mota ma haka, ga shi mun riga mun ce babu tsere a ciki. Zamiya ita ce ta fi kusa da siffar abin: mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami, doki ya tafi da ƙafafu yana share ƙasa, ƙura ta tashi, jama'a su yi shewa. In kana son mai karatu ya ga motsin motar da idon zuciyarsa, ce masa zamiya da mota. Sai dai ka lura, zamiyar doki a filin hawa ake yi, a gaban sarki, dogarai sun buɗe hanya, kowa ya san inda zai tsaya. Kalmar tana da kwarjini, kuma in ka bar ta ita kaɗai ka ba mufahhiɗ rawanin da bai cancanta ba.

Gudun wuce sa'a laifi ne na mai sauri, wanda burinsa ya isa inda za shi. Mufahhiɗ babu inda za shi. Wasa da mota ita ce kalmar da aka fi ji a garuruwanmu, in samari suka bi ayarin ɗaukar amarya ko na siyasa suna juyi da motoci da babura a shataletale. Tana da amfani don mai karatu zai gane nan take, amma wasa kalma ce mai sassauci, kuma gudun da ake yi a titunan bayan Riyad ya ninka abin da aka saba gani a ayarin biki.

Abin da ya fi dacewa shi ne tuƙin ganganci, a ƙara masa abin da ke bambanta shi da sakacin direban haya: tuƙin ganganci don burgewa, ko zamiyar ganganci da mota. Ganganci ya ƙunshi sani da zaɓi, mutum ya ga haɗari ya taka da gangan, kuma wannan shi ne zuciyar kalmar Larabcin a wurin hukuma. Tsarin da za ka bi a rubutu shi ne: a ambato na farko kawo kalmar asali da bayaninta, daga nan ka ci gaba da Hausa. Misali: "Jami'an kula da zirga-zirga sun kama wani matashi bisa laifin tafhiɗi, wato zamiyar ganganci da mota a kan titi don burge 'yan kallo." A jimlolin da ke biye, tuƙin ganganci ya wadatar. Ga mufahhiɗ ka ce mai tuƙin ganganci, kar ka ce gwanin tuƙi, kar ka ce ɗan wasa. In hajwala ce a bakin saurayin da ake hira da shi, bar ta yadda ya faɗa ka bayyana ta, domin zaɓen kalmar da ya yi wani ɓangare ne na labarin.

Wani kuskure kuma shi ne a ce ɓarayin mota. Gaskiya ne ana satar motoci don wannan harka, a yi dare ɗaya da su a yar, amma sata laifi ne daban, kuma akwai masu yi da motar gidansu ko ta haya. Sai in labarin ya ce an sata za ka ce an sata.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka

Mai rubutu ko mai yi wa ɗansa bayani yana bukatar ya san dalilin da ya sa abin ke kisa, ba ya tsaya ga cewa yana da haɗari ba.

Mota duk nauyinta a kan wurare huɗu take taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Riƙon da waɗannan wurare ke yi wa kwalta yana da iyaka, kuma birki da sitiyari daga wannan riƙo ɗaya suke ci. In mota ta tafi da gefe, zamewar ta cinye riƙon gaba ɗaya. A wannan lokaci direba na iya murza sitiyari ko taka birki, motar ba ta jin sa. Mafi muni shi ne lokacin da riƙon ya dawo, domin ba a hankali yake dawowa ba. Tayoyin gaba suna kama kwalta farat ɗaya, motar ta harba inda suke kallo a wannan sakan. In suna kallon bakin titi, can jumhur suke tsaye.

Ga lissafin. A gudun kilomita 160 a awa, mota na cin mita 44 a kowane sakan. A kan busasshiyar kwalta mai kyau, da birki lafiyayye, tana bukatar wajen mita 140 kafin ta tsaya, ban da mita 44 ɗin da ta ci kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Jimilla ya kusa tsawon filin ƙwallo biyu. A gudun 80, mita 36 kacal birkin ke bukata. Ninka gudu sau biyu yana ninka nisan tsayawa sau huɗu. Ƙarfin karo a gudun 160 kuwa daidai yake da a sako mota daga tsayin mita 100. Ɗan kallon da ke tsaye mita 30 daga inda mota ta ƙwace ba shi da ko sakan ɗaya cikakke na gudu.

Adungure yana zuwa ne in tayoyin da ke zamewa suka sami abin da ya tare su: dakalin titi, ramin gefen hanya, ko yashin da ke bayan kwalta. Ƙasan mota ya tsaya, samanta ya ci gaba, sai ta wuntsila. Mota mai tsayi irin Hilux ko Land Cruiser ta fi saurin yin haka, domin nauyinta yana sama. Taya ma an yi ta ne don ta gangara gaba. In aka tura ta da gefe da wannan ƙarfi, ga zafin gurza, ga zafin kwaltar bazara a garin da iska kanta ke haura digiri 45, tana iya fashewa ko ta saɓule daga wili, ƙarfen ya caki kwalta, ya zama shi ne abin da zai kifar da motar.

Sannan kariyar da aka gina a motar gida yawancinta a gaba take: dogon hanci mai lanƙwashewa ya shanye duka, da jakar iska a sitiyari. Motar da ke tafiya da gefe da ƙofa take dukan turken fitila, kuma tsakanin ƙofa da haƙarƙarin mutum 'yan santimita ne. Ƙara da cewa fasinjoji ba sa ɗaura bel, wasu ma a kan taga suke zaune. Shi ya sa a haɗarin tafhiɗi ake yawan samun waɗanda mota ta yi jifa da su waje. Bidiyon da ke yawo a waya yawanci na daren da aka tsira ne.

Hukunci, da inda masu labari ke kuskure

Sashe na 69 na dokar zirga-zirgar Saudiyya shi ke magana a kan tafhiɗi. A da tarar ba ta taka kara ta karya ba: riyal 1,000 a karon farko, 1,500 a na biyu, 2,000 a na uku. A 2016 majalisar ministoci ta ɗaga ta sosai. Karon farko riyal 20,000 da tsare mota kwana 15. Na biyu riyal 40,000 da tsare mota wata ɗaya. Na uku riyal 60,000, a kuma miƙa wa kotu batun ƙwace motar. Tun daga karon farko ana tura mai laifi kotu ta duba ko za a ɗaure shi. Motar haya da ta sata ba a ƙwace su, domin mai su ba shi ya yi laifi ba. Taruwa don kallo ma laifi ne mai tarar riyal 1,000 zuwa 2,000.

In rai ya salwanta, magana ta bar hannun jami'an hanya. Shari'ar da aka fi tunawa ita ce ta wani hafsan sojan ruwa da tuƙinsa ya yi sanadin mutuwar matasa uku a Jidda a 2005. An fara yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20, bulala 3,000, da hana shi tuƙi har abada. Masu rubutu kan ɗauko wannan su ce hukuncin tafhiɗi bulala ne. A 2020 kotun ƙolin ƙasar ta soke bulala a hukunce-hukuncen ta'aziri, wato waɗanda alƙali ke yankewa bisa ganinsa, aka maye gurbinta da tara ko ɗauri. Duba shekarar labarin kafin ka kwafi adadi.

A ɗaya ɓangaren, ƙasar ta buɗe ƙofar wasannin mota na ƙa'ida: gasar Formula E a Dir'iyya daga 2018 zuwa 2024, sannan a Jidda daga 2025, gasar Dakar tun 2020, Formula 1 a Jidda tun 2021, da filayen da ake zamiya bisa izini kamar na Dirab kusa da Riyad. Abin da ake yi a waɗannan wurare kar ka kira shi tafhiɗi.

In ka tarar da shi a hanya

Lokutansa sanannu ne: tsakar dare, musamman daren Juma'a da na Asabar, bayan asuba a watan azumi, ranakun jarrabawa in an tashi ɗalibai da wuri, bayan ruwan sama, da dararen murna irin na ranar ƙasa, 23 ga Satumba. Wurarensa kuma sababbin unguwannin da ba a gama ginawa ba da manyan titunan bayan gari. Kwalta kanta tana ba da labari. In ka ga baƙaƙen layuka masu lanƙwasa sun hau juna kamar an yi zane da gawayi, ga guntayen roba a warwatse, wannan titi filinsu ne, ka nemi wata hanya in dare ya yi.

In ka hango motoci jere a gefen titin da babu gidaje, mutane tsaye a waje da wayoyi a sama, rage gudu tun daga nesa, kunna fitilun gargaɗi, ka fita ta mahaɗa ta farko. Kar ka ratsa ta tsakiya da tunanin za ka wuce da sauri, domin motar jama'a da ke wucewa ita ce abin da mai taɗwif ke nema. Kar ka faka a kafaɗar titi kana jiran su gama, nan ne mota ke faɗawa in ta ƙwace. In babu mafita, shiga bayan wani abu mai ƙarfi, gini ko gidan mai, nesa da kwalta. In a madubi ka ga mota na tahowa tana lilo, riƙe layinka da gudunka, kar ka yi birki kwatsam, kar ka kauce ba zato, domin ya riga ya auna inda kake.

Kar ka sauka ka ɗauki hoto. Ban da haɗarin, jami'in da ya iso ba zai bambanta ka da jumhur ba, kuma ga baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, wannan matsala ce da ta fi tarar nauyi. In ka yi nisa ka tsaya a wuri amintacce, kira 993 na jami'an Murur, masu kula da zirga-zirga, in a cikin gari ne, 996 in a babbar hanya tsakanin garuruwa ne, 997 in akwai wanda ya ji rauni. A yankunan Makka da Riyad lamba 911 ta haɗa duka. Akwai kuma manhajar Kulluna Amn ta kai rahoto. Faɗi sunan titi, alƙiblar da suke, launin mota da irinta.

Direban gida da ke riƙe da makullin motar maigida, da uban da ke da saurayi a gida, su riƙa duba tayoyi da safe. Tayar da aka yi tuƙi na ƙa'ida da ita a ko'ina take cinyewa daidai. Wadda aka yi zamiya da ita za ka ga kafaɗarta ta waje ta gurje, robar ta yi kaushi kamar an kankare ta, wani wuri ya baje sumul, wani lokacin har da ƙaurin ƙonewa a cikin mudigadi. Duba birkin hannu ko ya saki fiye da jiya, duba ko sitiyari ya fara ja gefe ɗaya, ka kuma rubuta adadin kilomita kafin ka ajiye makulli. In ka ga waɗannan alamu a motar da aka ba ka amana, sanar da mai ita a ranar, kafin takardar tara ta iso da sunan wanda motar ke hannunsa.